Wai yaran Damagaram ba su iya aiki ba? To wa ya koya musu?

Na gaji da jin wannan magana. Duk taron da aka kira a kan aikin matasa, sai wani mai babbar riga ya karɓi makirfo ya ce masana'antu na neman ma'aikata amma babu ƙwararru, yaranmu ba su da sana'ar da kasuwa ke so. A tafa masa, a raba lemo, a watse. To ranka ya daɗe, mun ji ba su iya ba. Wa ya zaunar da su ya koya musu suka ƙi?

Ni mai walda ne a nan cikin Zinder, kuma ta hannuna yaran nan ke bi, don haka ba labari aka ba ni ba. Yaro zai zo maka daga makarantar koyon sana'a da takarda mai tambari, Faransanci raɗau a bakinsa, ya san sunan kowane irin ƙarfe. Miƙa masa baget, wato sandar walda, ka ce ya haɗa maka ƙarafa biyu, sai hannu ya hau rawa, baget na mannewa. Ka tambaye shi, ya ce ai injin waldarsu ɗaya ne, su kuwa aji guda, ranar da layi ya zo kansa ko an ɗauke wuta ko baget ya ƙare. Injin tur na fiƙe ƙarfe kuwa ya gan shi dai, lulluɓe da tamfol, ana jiran wani abu nasa daga waje tun kafin a ɗauki yaron. A allo ya koyi walda. Da alli! Ko malaminsa ban ga laifinsa ba, mushen da shi kansa ba a taɓa tura shi wata masana'anta ya ga inda aiki ya kai ba.

Nawa yaran na shago kuma, waɗanda iyaye suka kamo hannunsu suka kawo min, nasu ciwon daban. Za su yi maka ƙofa, taga, gadon ƙarfe, amalanke, har da tankin ruwa, wanda ƙishin garin nan ya sa ba a rasa masu nemansa. Amma shimfiɗa musu zanen injiniya, sai su tsaya suna kallonka. In kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata, tun daga bakin ƙofa za a tambayi takarda, su kuwa ba su da ko ta firamare. Mai takarda ba hannu, mai hannu ba takarda, kuma tsakanin makarantar da shagunanmu bai wuce kuɗin kabu-kabu ba. Haɗa su ne ya gagari manya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne aikin yana nan a gefenmu. Tun ƙarshen 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki kan hanyar Tanut, wajen kilomita 50 daga gari, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na China, kashi 40 na ƙasarmu. Yaron da aka sa lakwal, wato makarantar boko, a shekarar da aka buɗe ta yau ya isa shiga jami'a. Bayan ta kuma an ja bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, gaɓa bayan gaɓa duk walda ce. Masu waldar bututu nawa makarantunmu suka yaye a tsawon wannan lokaci? Kuma kada wani ya ce min walda duk walda ce. Ƙofar gida in ta ɗan yi rami sai ka shafe da fenti, ba mai sani. Bututun da mai ko gas zai bi da ƙarfi, ɗinkin farko sau da yawa da iskar argon ake yinsa, a haska shi da na'ura kamar yadda likita ke haska ƙashi, in an ga rami ko tsaga a yanke a sake. Wannan hannun sai an ƙona ƙarfe mai yawa ƙarƙashin idon wanda ya iya. Tulun argon ɗin ma mu nan sai mun aika Kano.

A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'an kamfanonin man China uku daga ƙasar, kuma cikin dalilan da aka bayar har da bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Mutane sun ji daɗi, ni ma haka. Sai dai in baƙon ma'aikaci ya kwashe kayansa ya tafi, injin da ya bari ba zai tambayi katin ɗan ƙasa ba, wanda ya iya shi yake so.

Su kuma masu furoje, wato ƙungiyoyin tallafi, Allah ya shirye su. Wasu sun zo shagona da farar mota, aka ce za a yi haɗin gwiwa tsakanin makaranta da masu sana'a, za a turo min yara istaj, wato koyon aiki a aikace. Na yi murna. Aka turo yaran hannu rabbana, ba baget, ba safar hannu, ba gilashin fuska. Da tabarau na rana wani ya yi ta walda ban lura ba, ya kwana ido na zubar da ruwa kamar an watsa masa barkono, da safe uwarsa ta zo tana cewa, "Malam, me kuka yi wa yaron nan?" Ƙarfena suka koya da shi, wutata suka sha. Ranar rufewa aka kawo musu sababbin riguna masu tambari, aka jera su gaban injina aka ɗauki hoto, aka tafi otal cin abinci. Kuɗin zama a ɗakin taro ya fito, na baget bai fito ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

A garin nan fa, zamanin Sarki Tanimu, maƙeran Damagaram suka zuba igwa da hannunsu. Jikokinsu ne yau ke hawa bayan mota zuwa Agadas, daga can Jado wajen zinariya ko Libiya, wasu kuma na zaune a fada, majalisar matasa ta bakin titi, suna dafa shayi har dare. Jinin bai canja ba, koyarwar ce aka yi wasa da ita.

Ba wani abu mai wuya muke nema ba. Akwai asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a, akwai harajin koyon sana'a da kamfanoni ke biya, ga jami'ar André Salifou a cikin gari. A raba makon yaro tsakanin aji da shago, a biya kayan da zai ƙona. Matata da ƴan kwangilarta su zauna da malamai su faɗi irin hannun da suke so, su ba makarantu guntayen bututu da tsofaffin injinan da ke aiki, su ari wani gwanin walda nasu ya riƙa shigowa gari. Yaran shago kuma a buɗe musu ajin dare na karatun zane da lissafin awo, sannan a gwada su da ƙarfe a gaban alƙalai, wanda ya ci a ba shi takardar da kamfani zai karɓa.

In za a sake turo min yara istaj, a turo su da baget da gilashin fuska, malaminsu kuma ya zo ya tsaya a kansu tare da ni. In ba haka ba a riƙe su can, shagona ba wurin ɗaukar hoto ba ne.