Tiyon ɗigo kaɗai ba zai ceci rijiyoyin lambu ba

Duk lokacin da aka ɗauko zancen ƙarancin ruwa a lambunan itatuwa masu 'ya'ya, amsar da ke bakin kowa ɗaya ce: a daina malala ruwa a fili, a shimfiɗa siraran tiyo masu ɗiga ruwa a gindin kowace bishiya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a ganina an ɗora wa tiyon nan kayan da ya fi ƙarfinsa. Gwamnatoci na zuba tallafi a kansa suna murnar sun magance matsala, alhali ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ƙara nisa yake yi.

Kafin a soke shi, a ba shi haƙƙinsa. Tun da aka kafa kamfanin Netafim a hamadar Negev ta Isra'ila a 1965, bisa dabarar injiniya Simcha Blass, ban ruwa na ɗigo-ɗigo ya sauya noman ƙasashe masu fari. A ban ruwan malale, kusan rabin ruwan kan wuce saiwa ba ta same shi ba. Da ɗigo kuwa, idan an kula da kayan, ana iya kai kusan kashi 90 cikin 100 inda ake so. Ciyawa na raguwa tsakanin layuka, taki ma ana narkar da shi a tura ta cikin tiyon. Ba mai musun wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne ruwan da ake cewa ya salwanta a malale, ba duka ne ya salwanta ba. Wani ya nutse ya koma wa rijiyoyi, wani ya gangara kogi ya isa ga manomin da ke can ƙasa. Wanda ya tafi ba dawowa shi ne wanda rana ta ƙafar, da wanda ganye ya fitar sama. Bishiyar da ake ɗiga wa ruwa kullum ba ta sanin ƙishi, tana ƙara ganye, tana ƙara sha. Shi kuma mai lambu, da ya ga ruwan da a da ke isar hekta 10 yanzu ya bar rara, me ake tsammani zai yi? Ya share sabon fili ya dasa. Ba mugunta ba ce, lissafi ne, kuma duk mai bashin banki a wuyansa haka zai yi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2017 da ya nuna cewa kayan ban ruwa na zamani sau da yawa ƙara yawan ruwan da ake cinyewa suke yi, muddin ba a ƙayyade abin da kowa zai ja ba.

Ga itatuwa kuwa abin ya fi muni. Mai noman alkama, idan shekara ta zo da fari, yana iya barin gonarsa ta huta. Mai bishiya ba shi da wannan damar. Itacen almon, mai 'ya'yan da ake cin ƙwayarsu kamar gyaɗa, kan ɗauki shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya, ya kuma yi kusan shekara 25 yana bayarwa. Wanda ya zuba dukiyarsa a ciki ba zai zura ido ta bushe ba, ko da zai nemi ruwa a ƙarƙashin dutse. Haka aka gani a jihar Kaliforniya ta Amurka, wadda ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya. A farin 2012 zuwa 2016, da aka rage ruwan madatsai, sai manoma suka koma haƙa burtsatse masu zurfi, rijiyoyin gidajen marasa ƙarfi suka riƙa ƙafewa. Kwarin San Joaquin da ke jihar dama ya san wannan cuta: kusa da garin Mendota, ƙasa ta lotsa kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977 saboda zuƙe ruwan da ke ƙarƙashinta. Sai a 2014 jihar ta yi dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Labarin bai bambanta sosai ba a lambunan fistashiyo (shi ma ƙwayarsa ake ci) na Rafsanjan a Iran, ko na piya a Petorca ta ƙasar Chile.

Akwai dabarar da ke rage abin da bishiya ke sha da gaske, kuma ita ce ba a cika yi mata talla ba, wataƙila don babu kayan sayarwa da yawa a cikinta. Masu bincike a Tatura ta Ostareliya sun lura, tun wajen ƙarshen shekarun 1970, cewa bishiya ba ta buƙatar ruwa daidai wa daida a duk kakar. A itatuwan da 'ya'yansu ke da ƙwallo ɗaya a ciki, akwai makonnin da ƙwallon ke ƙarfi, ɗan itacen ya kusan tsayawa da girma, rassa ne kawai ke miƙewa. Idan aka ƙuntata ruwa a daidai lokacin, rassan ne ke jin jiki, amfanin bai cika raguwa ba, aikin datse rassa ma ya ragu. Amma lokacin fure da ɗaurin 'ya'ya, musamman a lemo, ba a wasa da shi. Almon kuma idan aka hana shi ruwa bayan girbi, furen baɗi ne zai biya bashin.

Wannan yana buƙatar ido da awo. A wasu lambunan za ka ga ma'aikaci da tsakar rana ya rufe ganye ɗaya da 'yar jaka, bayan wasu mintuna ya tsinke shi ya sa a wata tukunyar ƙarfe, ƙaramin karan na leƙowa waje. Yana ƙara matsin iska a hankali har sai ɗigon ruwa ya ɓullo a bakin karan. Lambar da allurar ma'aunin tukunyar ta nuna ita ke gaya masa yadda bishiyar ke jin ƙishi, ba kallon saman ƙasa ba. Akwai kuma tarkon gishiri: ɗigo na ture gishiri zuwa gefen inda ya jiƙa, har a ga farin zobe a ƙasa, kuma dole lokaci-lokaci a kwarara ruwa a wanke shi. Duk wanda ya yi lissafin ragi bai sa wannan ba, ya yaudari kansa.

Amma ko wannan dabarar, ruwan da ta rage zai ƙare ne a sabon lambu idan ba a sa iyaka ba. Shi ya sa matakin da Maroko ta ɗauka a 2022 ya fi burge ni fiye da rabon tiyo: ta janye tallafin ban ruwa daga noman piya da kankana da sababbin lambunan lemo. Matakin bai hana kowa shuka ba, an dai daina biyan mutane su ƙara wa rijiya nauyi. Abin da ya rage shi ne mai ɗaci, wanda 'yan siyasa ke gudu: a sa mitar auna ruwa a kan kowace burtsatse, a fayyace adadin da kowane yanki zai iya ja a shekara, a kuma sharɗanta tallafin ɗigo da rage wannan adadin. Manyan masu lambu za su yi ƙorafi, amma su ne ke da kuɗin bin ruwa duk zurfin da ya yi. Idan aka bar abin sakaka, ƙaramin manomi mai gajeriyar rijiya shi ne zai fara sare itatuwansa.