Ranar da Kawu Ya Taya Ni Aiki

Tun da na fara sayar da ciyawar ado, tambaya ɗaya ake yi mini: "Ciyawa? Wadda ake nomewa?" Sai in gyara tsayuwa in hau bayani. Gamba tana haura mita 2, tana jure fari, kuma kowace shekara daga tushe ɗaya take sake tohowa. Jema kuwa saiwarta ƙasa take nutsawa sak, ta hana ruwa zaizaye wuri, ga ƙamshi. Mai saye ya gyaɗa kai, amma idonsa na cewa wannan bawan Allah a taimake shi da addu'a.

Irin gamba ba abin dogaro ba ne, gashi ya fi ƙwaya yawa, don haka raba tushe nake yi. Bana sai da na cika leda 120, na jera su layi-layi, kowace da 'yar takardar suna.

Ana haka Kawu ya zo mana kwana biyu. Na fita kai wa wani mutum kaya, ko awa 3 ban yi ba. Da na dawo sai na tarar da wurin fes, kamar an lashe. Ga Kawu zaune a inuwa, fartanya a gefe, yana fifita da hula.

"Ɗan nan, ashe haka ka bar gida ya zama daji? Ko maciji ba ka tsoro? Ledojin ma na kakkaɓe maka, ga su can a ninke."

Kariya kaɗai ya bari, don ita tana da fure. Ita ma ya ce ya ga ƙasarta a bushe, ya shayar da ita har ta ƙoshi. Kariyar da ke ajiye ruwanta a kumburarren gindi, wadda yawan ruwa ke ruɓarwa!

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki, Kawu."

Da dare, bayan ya fara minshari, na ɗauki tocila na nufi inda ya tara jarina. Alherin irin wannan ciyawa shi ne, muddin tushe na da 'yar saiwa, rai bai fita ba. Na dinga datse ganye ina barin kamar taƙi ɗaya, ina mayarwa leda. Abin da ban sani ba, Kawu ya haɗa har da bayan katanga ya nome, inda tofa ta yi gida. A duhu, ganye a datse, duk kamarsu ɗaya. Da na sunsuna saiwar da na gane jema, to amma mura ta toshe mini hanci. Na rubuta "jema" da kyakkyawan rubutu, na kwanta ina yaba wa kaina.

Guda 10 daga ciki wata Hajiya ta saya, ta jera a bakin hanyar lambunta. Kafin damina ta ƙare ta kira ni.

"Malam, wai jemar nan taka ƙafa gare ta?"

Tofa dai ba ta zama inda aka ajiye ta. Saiwarta rarrafe take yi a ƙarƙashin ƙasa, ta ɓullo inda ta ga dama da tsini kamar allura. Ta ratsa ƙarƙashin daɓe, ta fito tsakiyar furannin Hajiya, har ta soke ta a tafin ƙafa. Kwana 3 ina haƙa. Guntun da bai wuce gaɓar yatsa ba idan ya saura, sabuwa ce za ta tashi.

Da na ga abin ya fi ƙarfina, sai na je na ɗauko gwani. Kawu ya duƙa, ya zaro wata farar saiwa mai tsawon kamu biyu, ya ɗaga ta sama yana jujjuyawa.

"Hajiya, wane marar hankali ne ya shuka miki tofa a gida?"

Hajiya ta juyo ta dube ni. Ni kuma na duƙa ina gyara ƙotar fartanya.