Hujja Ba Ta Faɗuwa Da Bugu Ɗaya

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo Kano. Da an kaure da musu a Facebook kan siyasa ko wata mas'ala, sai wani ya kwashi maganganun ɓangarorin biyu ya zuba wa ChatGPT, ya ce a faɗa masa mai gaskiya, ya ɗauki hoton amsar ya watsa kamar hukuncin Kotun Ƙoli. Tambayar ce ke ci min tuwo a ƙwarya, domin ta ɗauka kowace hujja ko dai a tsaye take cak, ko ta faɗi warwas.

Masu koya wa kwamfuta auna hujjoji ma daga nan suka faro. A tsarin da masanin kwamfuta Phan Minh Dung ya fitar a 1995, hujjoji ne kawai da sukar da ke tsakaninsu, kuma duk hujjar da aka soka ba a kare ta ba, ta faɗi. A ce ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya fito da rasit da shaidu cewa ya biya kuɗin dila goma na atamfa, wani ya ce ya ji an ce rasit ɗin na bogi ne. Idan ba a rushe jita-jitar ba, rasit ya tafi. Wane alƙali ne zai yarda da wannan?

Shi ya sa wasu masana suka koma ga mandiƙin (ilimin auna hujja) da masani Lotfi Zadeh ya aza harsashinsa a 1965 a Jami'ar Kalifoniya, inda gaskiyar magana ke da daraja daga 0 zuwa 1. Sai a ba rasit, misali, 0.9, jita-jita 0.2. Raunanniyar suka tana iya rage wa ƙaƙƙarfar hujja ƙarfi, amma ba ta kayar da ita.

Abin haushin, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ɗalibin zaure ya san yaƙini daban, zanni daban, shakka daban, wahami daban. Ya san hadisi sahihi da hasan da la'ifi. Amma yau ka ce maganar abokin hamayya tana da ɗan ƙamshin gaskiya, sai a ce maka munafuki, ko an saye ka.

Masu cewa ai mutum ne ke sanya lambobin, don haka son rai ne, su gaya mana ranar da eh ko a'a ɗinsu ta sauko daga sama. Lamba ko ba komai a fili take, ana iya ja da ita.

Malaman kwamfuta da na Usulul Fiƙhu duk suna Jami'ar Bayero. Su zauna tare mana, kafin 'yan hoton allon waya su gama raba mana gardama.