Ba Jahilci Ne Ya Sa Kano Ta Ƙi Ɗigon Shan Inna Ba

Raina kan sosu idan na ji ana cewa jahilci ne ya sa mutanenmu suka ƙi riga-kafin shan inna a 2003. Masu faɗar haka suna da hujjarsu: jita-jitar cewa ɗigon yana hana haihuwa ba gaskiya ba ce, kuma dakatar da shi ya sa cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara suka nakasa.

Amma tsoron yana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, aka ba kusan rabinsu Trovan, sauran kuma wani maganin. 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. A 2003 kuwa Amurka ta shiga Iraƙi, ga rashin yarda tsakanin Arewa da gwamnatin tarayya.

Ka ɗauki uwar da ta kai ɗanta asibiti jikinsa zafi rau, aka ce babu magani, je ki saya. Washegari ga ma'aikata har ƙofar gida da ɗigo kyauta. Dole ta yi tambaya. Hukumar da ta aiko su ce uwar take zargi.

Shi ya sa Kano ba ta dawo da riga-kafin ba sai a 2004, da aka kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Daga baya sarakuna da malamai suka shige gaba, wasu suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar.