Wai "wasan makafi"

Wanda ya rubuta min "wasan makafi" a ƙarƙashin abin da na ɗora jiya ya san kansa, ba sai na kama suna ba. Wai ina ɓata data kan wasan kwaikwayon rediyon Amurka da ya girmi ubana, babu hoto babu komai. Sannu mai ido! Kai da kake kallon fim kana latsa waya, a kashe mutum a gabanka ka ɗago kana tambayar wa ya mutu.

Rashin hoton nan shi ne daɗin abin, malam. A wasan ɗan bincike na rediyo ba mai haska maka fuskar mai laifi. Ƙofa ta yi ƙara, takun takalmi ya tsaya cak, matar mamaci ta ɗan yi jim kafin ta amsa tambaya: shaidarka ke nan, da kunne za ka tsince ta. Hankalinka ya gushe na minti ɗaya, ɓarawo ya wuce ta gabanka.

Ɗauki wasan Johnny Dollar, wanda gidan rediyon CBS ya fara a 1949. Shi Johnny Dollar ɗin mai bincike ne da kamfanonin inshora ke haya, kuma labarin yana tafiya ne ta lissafin kuɗin da ya kashe a hanya. Kuɗin jirgi kaza, kuɗin tasi kaza, ɗan abin da ya miƙa wa mai tsegumi kaza. Daga takardar lissafi sai ga gawa! Wane hoto ne zai ƙara wa wannan armashi? A shekarar ce kuma ɗan wasa Jack Webb ya fito da wasan Dragnet a gidan rediyon NBC, yana ɗebo labarai daga fayilolin 'yan sandan Los Angeles.

Za a ce muryoyin sun tsufa, kiɗan ya yi yawa, ga tallar sigari a tsakiya. Na ji. Har ma sigarin da ya ɗauki nauyin Dragnet a farko sunansa Fatima, ku ji rashin ta ido. To sai me? Kai ba talla ke katse maka bidiyo kowane minti biyar ba?

Maganar gaskiya, abin ya taɓa ni ne don mu da rediyo muka tashi. Na tuna Baba a tabarma bayan isha'i, rediyo a gefen kunne, duk gidan shiru, kowa da irin fuskar da ya zana wa mai magana a ransa. Wannan shirun nake nema in na kashe fitila na kunna Johnny Dollar. Ranar 30 ga Satumba, 1962 aka watsa kashinsa na ƙarshe, talabijin ta riga ta cinye kasuwa, amma har yau sai na riƙe numfashi.

Af, rediyon Baban yana nan a ɗakin Inna, eriyarsa ta karye. Akwai wanda ya san mai gyara na kirki? Na ƙarshen da na kai wa cewa ya yi in sayi sabuwar waya.