Daga ɗage zaɓe zuwa faɗuwar Las Anod: inda Somaliland ke yi wa kanta illa

A watan Satumban 2022 hukumar zaɓen Somaliland ta fito ta ce ba za ta iya gudanar da zaɓen shugaban ƙasa ranar 13 ga Nuwamba kamar yadda aka tsara ba. Ta ce kuɗi bai isa ba, lokaci ma ya ƙure, a ƙara mata wata 9. Da maganar ta je gaban majalisar dattawa da ake kira Guurti, sai dattawan suka yi kyautar da ta wuce roƙo. Suka ba Shugaba Muse Bihi Abdi ƙarin shekara 2 cur, sannan suka juya suka ƙara wa kansu shekara 5. Ba a cika wata 3 da yin haka ba aka fara harbin masu zanga-zanga a titunan Las Anod, babban garin yankin Sool da ke gabas, kuma kafin shekara ta zagayo garin ya suɓuce daga hannun gwamnatin Somaliland da ke Hargeisa.

An saba kallon waɗannan a matsayin matsaloli biyu daban, wato rikicin iyaka a gabas da kuma jinkirin zaɓe a babban birni. Ni a ganina ciwo ɗaya ne. Somaliland ƙasa ce da aka gina a kan yardar mutane, kuma duk lokacin da aka ɗage ranar komawa wurinsu a sake neman yardar, ginin ne ake zare wa tubali.

Ga wanda bai bi labarin ba, yankin yana ƙarƙashin Turawan Birtaniya ne har zuwa 26 ga Yunin 1960 da ya samu 'yanci. Kwana 5 kacal ya yi yana cin gashin kansa, ranar 1 ga Yuli ya haɗe da ɓangaren da Italiya ta mulka, aka kafa Jamhuriyar Somaliya. Zaman bai yi daɗi ba. A 1988, lokacin da ƙungiyar 'yan tawaye ta SNM ta kai farmaki, sojojin shugaban Somaliya Siad Barre suka yi wa Hargeisa da Burao luguden wuta ta sama da ƙasa, dubun dubatar mutane suka mutu, akasarinsu 'yan ƙabilar Isaaq. Har yau in ka shiga tsakiyar Hargeisa za ka tarar da wani jirgin yaƙi samfurin MiG an ɗora shi a kan dakali, irin waɗanda suka riƙa tashi daga filin jirgin birnin suna zubar da bamabamai a kan birnin da suka tashi daga cikinsa. Bayan faɗuwar Barre, ranar 18 ga Mayun 1991, taron Burao ya ayyana cewa an raba gari da Mogadishu.

Tun daga ranar hujja biyu Hargeisa ke riƙe da su a gaban duniya. Ta farko ita ce taswira. Suna cewa su ba 'yan aware ba ne, iyakar da Bature ya bari suka koma, irin wadda shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira a 1964 cewa ba za a taɓa ba. Ta biyu ita ce akwatin zaɓe, cewa su suna zaɓen shugabanninsu mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, abin da Somaliya ba ta yi a faɗin ƙasa ba tun 1969.

Hujja ta biyun ba cika baki ba ce. A zaɓen Afrilun 2003 Dahir Riyale Kahin ya kayar da Ahmed Silanyo da ratar ƙuri'a 80. Tamanin fa, ba dubu tamanin ba. A ƙasar da bindiga ke kusan kowane gida, Silanyo ya kai ƙara kotu, ya sha kaye, ya haƙura. A 2010 ya dawo ya kayar da Riyale, shi ma Riyale ya miƙa mulki salin alin. Kafin zaɓen 2017 an yi wa masu zaɓe rajista ta hanyar ɗaukar hoton ƙwayar ido, domin a toshe kafar yin rajista sau biyu da ta dagula lissafi a baya. Ƙasashe da dama masu tuta a Majalisar Ɗinkin Duniya ba su da irin wannan tarihin.

Sai dai a duba kwanan watan. Wa'adin Riyale ya ƙare a 2008, ba a yi zaɓe ba sai Yunin 2010. Na Silanyo ya ƙare a 2015, sai Nuwamban 2017. Na Bihi 2022, sai Nuwamban 2024. Shugabanni uku a jere, kowa ya ci shekara 7 a kujerar shekara 5. Ta majalisar wakilai ta fi muni: waɗanda aka zaɓa a Satumban 2005 ba su sake fuskantar masu zaɓe ba sai 31 ga Mayun 2021. Yaron da aka raɗa wa suna a makon zaɓen farko ya haura shekara 15 kafin a yi na biyu. Kowane karo akwai dalili, kuma ba duka ne na ƙarya ba. An yi hare-haren ƙunar baƙin wake a Hargeisa a Oktoban 2008, an yi mummunan fari a 2016 da 2017, ga rigimar rajista, ga rashin kuɗi. Amma dalilin da ke zuwa a ƙarshen kowane wa'adi ba tare da saɓa alƙawari ba, ya tashi daga dalili ya koma al'ada. Mu da muka ga yunƙurin tazarcen Obasanjo a 2006 da na Tandja a 2009 mun san ƙamshin abin, ko da an zuba shi a wani kwano daban. Bambancin kawai shi ne a can ba a gyara tsarin mulki, domin tsarin mulkin da kansa ya bar ƙofa: ya ba Guurti ikon tsawaita wa'adin shugaba idan matsalar tsaro ta hana zaɓe.

Guurti ɗin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Ita ce ta ceci ƙasar. A taron Borama na 1993 dattawan ƙabilu sun shafe watanni suna zaune, suka sasanta masu gaba da juna, suka tsara yadda za a karɓe makamai daga hannun samari, suka naɗa Mohamed Ibrahim Egal shugaba. Babu dakarun ƙetare, babu otal a Nairobi. Daga nan aka mayar da zauren dattawan majalisa ta dindindin mai kujera 82. To amma tun da aka zauna ba a taɓa zaɓenta ba, ko sau ɗaya. Yawancin dattawan da suka yi wancan aikin sun riga mu gidan gaskiya, kujerunsu kuma sun koma hannun 'ya'ya da dangi, kamar gadon gona. Majalisar da ba ta taɓa tsayawa gaban masu zaɓe ba, wadda ita ke sa wa kanta wa'adi, ita ce ke yanke wa kowa ranar zaɓe. Wa zai yi tsammanin ta yi gaggawa?

Yanzu mu koma gabas. Yankin Sool da gabashin Sanaag da Buhodle suna cikin taswirar Bature, wannan ba gardama. Amma mazaunansu, Dhulbahante da Warsangeli, ba Isaaq ba ne. 'Yan zuriyar Harti ne daga cikin Darod, 'yan'uwan Majeerteen da ke ƙetaren iyaka. Da aka kafa Puntland, yanki mai ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a cikin Somaliya, a Garowe a 1998, an kafa ta ne a kan wannan zumuncin na jini, don haka ita ma ta ce yankin nata ne. Ɗaya na nuna taswira, ɗaya na nuna salsala. Dhulbahante kuma suna da nasu tarihin da suke tinƙaho da shi: ba su taɓa sa hannu a yarjejeniyar kariya da Birtaniya ba kamar yadda sauran ƙabilun suka yi a shekarun 1880, su ne ƙashin bayan rundunar Darwishawa ta Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, kuma a ƙasarsu ne garin Taleh yake, wanda jiragen Ingila suka yi wa ruwan bamabamai a 1920. Mutanen da kakanninsu suka ƙi Baturen, da wuya ka rinjaye su da layin da ya zana.

Las Anod ta sha sauya hannu. Puntland ta riƙe ta na wasu shekaru, Somaliland ta karɓe ta a Oktoban 2007. A 2012 Dhulbahante suka kafa gwamnatin yankinsu mai suna Khatumo a Taleh, a 2017 shugabanta Ali Khalif Galaydh ya ƙulla yarjejeniya da Hargeisa wadda ba a aiwatar ba, a 2018 sojojin Somaliland da na Puntland suka gwabza a Tukaraq. A tsawon shekarun nan an riƙa yi wa fitattun mutanen garin ɗauki ɗai-ɗai, malamai da 'yan kasuwa da jami'ai, ba tare da an ga hukuncin da zai kwantar da hankali ba.

Duk da haka akwai lokacin da siyasa ta fara jawo su ciki. An kaɗa ƙuri'a a Las Anod a 2021, kuma ɗan garin, Abdirizak Khalif, shi ya zama kakakin majalisar wakilai. Mutumin da aka bindige ranar 26 ga Disamban 2022, Abdifatah Abdullahi da ake wa laƙabi da Hadrawi, ba ɗan tawaye ba ne, ɗan siyasa ne a jam'iyyar adawa ta Waddani, wato mutumin da ya yarda ya buga wasan da dokokin Hargeisa. Kisansa ne ya fito da mutane kan titi, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka. Ba na cewa ƙarin wa'adin ne ya ɗana kunamar bindigar. Abin da nake cewa shi ne, a watan da ya kamata ɗan Las Anod ya huce haushinsa da ƙuri'a, an riga an gaya masa ya jira shekara 2. Gwamnatin da za ta lallashe shi kuwa, jam'iyyun adawa sun riga sun ce ba su san da zamanta ba tun 13 ga Nuwamba. Shugaban da ake yi wa gardamar halacci a gida ba ya son a ga gazawarsa a bakin iyaka.

Ranar 6 ga Fabrairun 2023 sarakunan gargajiyar Dhulbahante, ciki har da Garad Jama Garad Ali, suka ayyana cewa sun fita daga Somaliland, sun kafa SSC-Khatumo ƙarƙashin tarayyar Somaliya. Sojoji suka ja daga a wajen gari, daga sansanin Goojacade da kewaye suka riƙa harba manyan bindigogi. Babban asibitin garin ya sha luguden, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta tattara ta fice. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 185,000 sun bar gidajensu a makonnin farko, ɗaruruwa suka mutu. Laifi tudu ne. Ƙasar da ta ɗora jirgin yaƙi a kan dakali don kada a manta da 1988, ga ta tana harba igwa cikin garin da take cewa nata ne, a ƙarƙashin shugaban da shi kansa tsohon kwamandan SNM ne. A Yuni kakakin majalisar ya ajiye muƙaminsa ya tsaya tare da mutanensa. Ranar 25 ga Agusta Goojacade ya faɗi, aka kama sojojin Somaliland da yawa a matsayin fursunonin yaƙi.

A nan ne hujjar Hargeisa ta juyo ta sare ta. Shekara 30 tana gaya wa duniya cewa haɗewar 1960 da yarda aka yi ta, kuma wanda aka zalunta yana da ikon janye yardarsa, ba a auren dole tsakanin al'ummomi. Dhulbahante ba su ƙara komai a kan wannan ba, sun maimaita mata ne kawai. In ta ce taswira ta fi yarda, to ta miƙa wa Mogadishu makami, domin ita ma taswirar da duniya ta sani take nunawa.

Kada a ɗauka Mogadishu waliyyiya ce a wannan lamari. Ita ma ta gwada ƙara wa shugabanta na lokacin, Farmajo, shekara 2 a 2021, sai da sojoji suka dare gida biyu a cikin birnin kafin a janye. Rungumar da ta yi wa Las Anod, daga amincewa da gwamnatin wucin gadi a 2023, zuwa ziyarar Firaminista Hamza Abdi Barre a Afrilun 2025, zuwa mayar da yankin jihar Arewa maso Gabas, akwai lissafi a ciki: ta rage wa Hargeisa ƙarfi, ta kuma rage wa Puntland da suke takun saƙa da ita. Mutanen Sool na iya wayar gari su ga sun sauya mai yanke musu hukunci daga nesa ne kawai.

Zaɓen 13 ga Nuwamban 2024 ya nuna abin da aka yi asara da jinkirin. Abdirahman Mohamed Abdullahi Irro na Waddani ya samu kusan kashi 64 cikin 100, Bihi ya amince da kaye, aka miƙa mulki a Disamba. Abin yabo ne. Amma babu akwati ko ɗaya a Las Anod. A tsakanin nan kuma, da wa'adin aro, Bihi ya sa hannu da Abiy Ahmed ranar 1 ga Janairun 2024 kan ba Habasha hayar gaɓar teku, yarjejeniyar da ta tayar da ƙura a yankin baki ɗaya har sai da Turkiyya ta shiga tsakanin Addis Ababa da Mogadishu. Amincewar da Isra'ila ta yi wa Somaliland a Disamban 2025 ma ba ta mayar da taku ɗaya na ƙasar Sool ba. Takardar da aka sa wa hannu a waje ba ta sa makiyayin Taleh ya ji cewa gwamnatin Hargeisa tasa ce.

Irro ya zo da harshen sulhu, kuma bai gaji girman kan da yaƙin ya jawo ba. Abu biyu ke hannunsa da ba sa buƙatar izinin kowace ƙasa. Na farko, a yi dokar da za ta fayyace yadda ake shiga Guurti da yadda ake fita, a kuma ɗaure ikonta na ƙarin wa'adi da iyakar da hukumar zaɓe ta nema, ba abin da dattawa suka ga dama ba. Na biyu, a daina maganar ƙwato Las Anod da bakin bindiga, a zauna da sarakunan Dhulbahante da Warsangeli kan fursunoni, da hanyar fatake daga Burao zuwa gabas, da rijiyoyi da wuraren kiwon da ake tarayya a kansu. Wurin da za a fara gwada wannan shi ne Erigavo, babban garin Sanaag, inda Isaaq da Harti ke zaune unguwa da unguwa, inda kuma aka riga aka yi artabu a Disamban 2024.