Kazar nan fa da ranta

Assalamu alaikum. Jiya da la'asar na biya wajen 'yan kaji a nan cikin Katsina, uwargida ta ce miyar kaza take so. Muka yi ciniki, yaron ya yanka. Tana cikin shure-shure, rai bai gama fita ba, ya cilla ta cikin rabin duron tafasasshen ruwa don figa ta yi masa sauƙi. Ina tsaye ina kallo, ban ce uffan ba. Kai, ni ne ma na ce masa, "Yi sauri, magariba ta kawo jiki." Da dare aka kawo tuwo, wallahi loma biyu na yi na tsame hannu.

'Yan'uwa, mun mai da kaza nama tun tana numfashi.

Kajin gidan gonan nan, buroila, sati 6 zuwa 8 ne duk rayuwarsu. Ƙiba take rige ƙashi girma, har wata ta kasa tashi ta isa wurin ruwa. A 'yan kwanakin nan ma ba mu bari sun sarara ba. Ɗakin da zai ɗauki 100 sai a cusa masa 200, ga rufin kwano, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Kaza ba ta yin gumi, baki kawai take buɗewa tana haki, fukafukai a sake. Ɓuntun da aka shimfiɗa ya jiƙe da kashi, kai da ka leƙa na minti biyu idonka har ruwa yake yi don wari, su kuwa a kai suke kwana da ƙirjinsu. Da safe a tsinci matattu a ce "an yi asara." Kuɗin buhun abinci ake wa kuka, ba su ba.

Ɗan'uwa mai babur, kai ma da kai nake. Ka ɗaure ƙafafunsu tamau, kawuna a ƙasa, dab da salansa, tun daga ƙauye har Ƙofar Ƙaura, ko ɗigon ruwa babu. Haba!

Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske samari sun ɗaure kaza suna harbinta, suna ganinsa suka watse, ya ce Annabi (SAW) ya la'anci mai yin haka. Kaza ce fa, irin wannan dai. Matar da ta tsare kyanwa kuwa kowa ya san makomarta.

Ba a hana ka kiwo ba, ba a hana ka riba ba. Rage cunkoso. Sa ruwa mai sanyi da rana. Wasa wuƙarka tun kafin ka kamo ta, kada ka yanka wata a gaban wata. Kuma don girman Allah, jira ta daina motsi kafin ruwan zafi. Minti nawa ne?

Astagfirullah. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wurin yaron nan in ba shi haƙuri, don ni na azalzale shi.